Ruwan Tsaunukan Jos da Darajar Fadamun Haɗeja-Nguru

JOS: Kogin Dilimi da ya ratsa garin Jos yana cikin rafukan da ke haɗuwa su zama Kogin Jama'are. Shi kuwa Jama'are, tare da Kogin Haɗeja, su ne ke malala kowace damina su shayar da fadamun Haɗeja-Nguru a jihohin Jigawa da Yobe, inda dubban tsuntsayen ruwa daga Turai ke yin hunturu.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta ɓangaren Haɗeja ta ragu, lokacinta kuma ya sauya. Ruwan da ake saki duk shekara ya hana hanyoyin ruwa bushewa da rani, sai ciyawar kachala ta toshe su: wani wuri ruwa ya ci gonaki, wani wurin kuma ya ƙafe.

An kafa shirin kare fadamun a 1987. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itacen girki, suka gwada da na Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya ninka wanda aka kai shirin riba nesa ba kusa ba. Lissafin ma bai haɗa da kiwo ba, balle ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyin yankin. Wato dai ruwan da ke raya agwagwar daji shi ne jarin masunci da manomin shinkafa.

Gyaran ba ya bukatar rushe madatsa. Abin da ake nema shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa a watannin damina, a yashe hanyoyin da kachala ta toshe.

Jihar Filato na cikin jihohi shida da suka kafa asusun kula da wannan kwari a 2006. Abin da 'yan kasuwa za su sa wa ido shi ne madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauci, wadda aka fara aka dakatar fiye da sau ɗaya. Kogin Jama'are ne kaɗai babban reshen da ba a datse ba.