Tallafin Jami'a ga Binciken Launin Fata, Ƙabila da Jinsi: Misalin Berkeley

Binciken zamantakewa a kan launin fata da ƙabila da jinsi ba ya ɗorewa sai jami'a ta ba shi mazauni, ta ware masa malamai da kuɗi daga kasafinta. Domin fayyace wannan batu mun ɗauki misalin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka.

A shekarar 1969 ɗaliban jami'ar, baƙar fata da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da kuma 'yan asalin ƙasar na farko, suka shiga yajin karatu suna neman a riƙa koyar da tarihin al'ummominsu. Sakamakon haka aka buɗe sashen nazarin ƙabilu a wannan shekarar. To amma buɗe sashe daban, riƙe shi daban. Bayan shekara 30, wato a 1999, guraben malamai sun ragu har ta kai ɗalibai suka yi yajin cin abinci. Daga yarjejeniyar da aka cim ma ne aka kafa cibiyar nazarin launin fata da jinsi a 2001, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Evelyn Nakano Glenn, masaniyar zamantakewa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda cibiyar ke aiki. Tana ba ɗaliban digirin farko da masu neman manyan digiri ƙananan kuɗaɗen bincike, tana kuma shirya zaman gabatar da maƙalu inda masanin tarihi da na shari'a da na adabi ke tattauna matsala guda. Dalilin haɗa fannonin kuwa shi ne, kamar yadda Kimberlé Crenshaw ta nuna a 1989, wariyar da mace baƙar fata ke fuskanta ba ta fahimtuwa idan aka duba launi shi kaɗai ko jinsi shi kaɗai.

Tallafin waje ba shi da tabbas. A 2025 hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa binciken kimiyya ta soke ɗaruruwan tallafi da suka shafi irin waɗannan batutuwa, bayan canjin gwamnati.

A Nijeriya, Farfesa Bolanle Awe ta jagoranci kafa cibiyar bincike da adana bayanai kan mata a Jami'ar Ibadan a 1987. Daga irin waɗannan cibiyoyi ne mu masu tsara manhaja muke samun madogara idan muka zo tantance yadda littafin karatun Hausa ke siffanta mace, ko kuma Bayarabe da Ibo da sauran maƙwabta, musamman a azuzuwan kudancin ƙasar nan inda ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu.