LEGO, tubalin da ba ya bukatar laka

Yara, kun san yadda magini yake ɗora tubali bisa tubali, yana sa laka tsakaninsu don su kama juna. To, akwai wasu ƙananan tubala na roba, masu launi iri-iri, waɗanda yaran ƙasashe da dama suke gini da su. Su ba ruwansu da laka. Sunansu LEGO.

Asalinsu daga Billund ne, wani ƙaramin gari na ƙasar Danmak, can arewacin Turai. A nan wani masassaƙi mai suna Ole Kirk Christiansen yake gina gidaje. Da lokacin rashin kuɗi ya zo, mutane suka daina ba shi aiki. A shekara ta 1932 sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara da itace, kamar agwagi da motoci. A 1934 ya raɗa wa masana'antarsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu, « leg godt », wato « yi wasa da kyau ».

A 1947 ya samo wata na'ura mai narka roba, tana fitar da siffar da ake so. A 1949 ya fara yin tubala da ita, yana kwaikwayon waɗanda kamfanin Kiddicraft yake yi a Ingila. Sai dai tubalan farko suna da aibi. A samansu akwai ƴan kawuna, amma ƙarƙashinsu fayau yake, kamar an kife ƙwarya. Yaro ya sha wahala ya gina gida, ƙanensa ya taɓa kaɗan, sai ginin ya rushe.

Ɗansa Godtfred ne ya samo maganin abin. Ya sa ƴan bututu a ƙarƙashin kowane tubali. Tubali mai kawuna 8 yana da bututu 3. In an danna tubali bisa wani, sai kawunan na ƙasa su matse tsakanin bututun da bangon na sama. Ginin ya kama gam, amma yaro yana iya raba su da hannu. An yi rajistar wannan dabara a 1958, shekarar da tsohon ya rasu. Tubalin wancan lokaci har yau yana shiga cikin sabo daidai.

A 1960 gobara ta cinye ma'ajiyar kayan itace, sai aka bar sassaƙa gaba ɗaya. A 1968 aka buɗe filin wasa na Legoland a Billund. A 1978 kuma aka fito da ƴan mutum-mutumi masu ɗorawar fuska.

Ga abin mamaki ga masu son lissafi. Tubala 2 masu kawuna 8, in launinsu ɗaya ne, ana iya haɗa su ta hanya 24. In 3 ne, hanya 1 560. In kuwa 6 ne, hanyoyin sun kai 915 103 765. Ku rubuta wannan adadi bisa allonku, ku gwada karanta shi.