Katangar Mutum Biyar: Ƙattin da Jami'o'in Amurka Ke Rainon Su Kafin Su Ci Moriyarsu

Ga waɗanda ba su samu damar sauraron shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba ƙwallon nan tasu mai siffar ƙwai, wadda ake bugawa da hular kwano da sulke a kafaɗa, a runguma a hannu a zura da gudu. Jami'o'i ma suna da tasu gasar, kuma kada ku ɗauka wasan yara ne. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Amma yau ba zancen masu gudu ko masu cafe ƙwallo za mu yi ba. Zancen wasu ƙatti biyar ne, waɗanda za ka iya kallon wasa daga farko har ƙarshe ba ka ji an kira sunan ɗayansu ba, sai in ya yi laifi.

Bari mu fara daga tushe. Kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili. Wadda ƙwallo ke hannunta ana ba ta dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu. Jagoran kai harin shi ne mai jifa, wanda suke kira kwatabak. A gabansa kuma mutum biyar ne ke durƙushe a jere, kafaɗa da kafaɗa. Na tsakiya shi ne senta, shi ke miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafuwansa. Dama da hagun senta akwai masu gadi biyu. A can gefe da gefe kuma akwai wasu biyu da ake kira takul. Mu dai a wannan shiri katanga za mu riƙa kiransu, don aikinsu ke nan: su tare maharan ɗaya ɓangaren na daƙiƙa biyu zuwa uku har mai jifa ya saki ƙwallo, ko su bankaɗe hanya mai gudu ya wuce. A ƙa'ida ba a jefa musu ƙwallo, sai in ta yi tsautsayi. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

To me zai faru in katanga ta tsage? Ran 18 ga Nuwamba 1985, Amurkawa suna kallo kai tsaye a talabijin, Lawrence Taylor na New York Giants ya faɗo wa Joe Theismann, mai jifan ƙungiyar Washington, ya karya masa ƙafa. Theismann bai ƙara buga wasa ba. Da wannan lamari Michael Lewis ya buɗe littafinsa The Blind Side na 2006, wanda aka mayar fim a 2009. Abin lura a nan shi ne, mai jifa da hannun dama in ya gyara tsayuwa zai yi jifa, bayansa ne ke fuskantar hagu, ba ya ganin mai zuwa ta can. Shi ya sa takul na hagu ya zama ɗan gata. A zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar NFL na 2013, uku daga cikin huɗun farko da aka ɗauka duk takul ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kocin jami'a yana ɗauko yara ne daga sakandare, 'yan shekara 17 zuwa 18. Mai gudu, ka sa masa agogo ka san gudunsa. Mai jifa, ka ga jifansa da idonka. Amma ɗan katanga fa? Wanda ake buƙata a babban mataki yana kai kilo 135 zuwa 145, ga tsayin da ya kusa mita biyu. Yaron sakandare da wuya ya kai haka da tsoka, kuma wanda ya kai, galibi da nauyi kawai yake danne yaran da bai haɗa ƙarfi da su ba. Ranar da ya gamu da daidai shi, sai asiri ya tonu. Akwai shafukan intanet irin su 247Sports da Rivals da ke ba yara taurari, biyar ne ƙololuwa, amma a wannan gurbi taurarin sun sha ba mutane kunya. Eric Fisher, wanda aka fara ɗauka a waccan shekarar ta 2013, manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba, sai ya ƙare a Central Michigan.

Saboda haka koci mai ido ba yaron da ke gabansa yake saye ba, wanda yaron zai zama bayan shekara uku yake hange. Yana duba faɗin kafaɗa da ƙashi, ko jikin zai ɗauki ƙarin kilo 20 ba tare da ya yi nauyin ƙafa ba. Yana duba tsawon hannu, don mai dogon hannu shi ke fara taɓa abokin karawa. Yana duba ko yaro zai iya lanƙwasa gwiwa da ƙugu ya yi ƙasa, domin a wannan sana'a wanda ya fi yin ƙasa shi ke ɗaga ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa ya san wannan karatun, ba sai an fassara masa ba.

Ai kuwa 'yan kokawa suna cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo. Ku ɗauki Jami'ar Iowa, inda Kirk Ferentz ya karɓi ragama a 1999, shi kansa tsohon mai horar da katanga ne. Tristan Wirfs zakaran kokawa ne na jiharsa tun yana sakandare, aka ɗauke shi na 13 a NFL a 2020. Tyler Linderbaum, wanda ya taɓa kayar da Wirfs a kokawar sakandare, ya shigo Iowa a ɓangaren masu tsaro, aka juyo da shi senta, ya zama gwarzon senta na jami'o'in ƙasar a 2021.

Kun ga wani salon ke nan: sauya wa yaro gurbi. Lane Johnson mai jifa ne a wata ƙaramar kwaleji a Texas. Da ya koma Oklahoma aka yi ta gwada shi nan da can, har aka tsayar da shi a takul, kuma shi ne na huɗu a zaɓen 2013. Jason Kelce ya shiga Jami'ar Cincinnati ba tare da tallafin karatu ba, a ɓangaren tsaro, aka mayar da shi katanga. Sai a zagaye na shida aka ɗauke shi a 2011, amma ya yi kaka 13 a Philadelphia Eagles, ya ajiye takalmi a 2024 yana cikin fitattun senta na zamaninsa. Akwai ma ɗan Najeriya, Prince Tega Wanogho daga jihar Delta, wanda ƙwallon kwando ta kai shi Alabama, ya ɓuge da zama takul a Jami'ar Auburn, aka ɗauke shi a NFL a 2020.

To an samo yaro, sai me? Sai haƙuri. Akwai tsarin da suke kira jar riga: ɗalibi ya yi shekara guda yana atisaye da karatu ba tare da an ƙirga masa ita cikin shekarun wasansa ba. Yawancin 'yan katanga ta nan suke farawa. Shekarar farko ta ɗaga ƙarfe ce da cin abinci bisa lissafi, a zubar da teɓa a ɗora tsoka. Sannan a koya masa abin da jiki bai saba da shi ba, wato ja da baya da sauri yana tare mutumin da ya taho a guje. Ya san inda zai dasa ƙafa, ya san inda zai ɗora hannu. In ya riƙe rigar mutum alƙali ya gani, an mayar da ƙungiya baya yadi 10. In ya motsa kafin a saki ƙwallo, yadi 5 sun tafi. Ga kuma zaman kallon bidiyo na awanni, don senta shi ke karanta tsayuwar abokan gaba ya faɗa wa sauran wa zai tare wa, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi, ga ihun dubban mutane a kansu.

Babban abin ma shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko kana da gwanaye huɗu, in na biyar ya yi sake, ta nan ɓaraka za ta shigo. Sai sun daɗe tare har kowa ya san motsin na kusa da shi ba tare da magana ba. Shi ya sa tun 2015 ake ba da kyautar Joe Moore, wadda ba mutum ɗaya ake ba ba, duka katangar ake ba. Michigan ta ɗauke ta a 2021 da 2022 a jere, kakar da ta biyo baya kuma ta zama zakaran ƙasa.

Sai dai zamani ya zo da sabon abu. A 2018 aka buɗe ƙofar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa kowace jami'a ta iya nemansa. Daga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Ga yaran, wannan adalci ne, don jikinsu ne ke tara wa jami'o'i miliyoyi. Amma ku sa kanku a matsayin kocin ƙaramar jami'a. Ka ɗauko yaro ba wanda ya san shi, ka ciyar da shi shekara uku, ranar da ya nuna sai mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Shi kuma mai kuɗin, in ya haɗo baƙi biyar daga wurare biyar, ya sayi ƙarfi amma bai sayi sabo ba. Koci kuwa in ya yi kaka biyu ko uku ba sakamako, kujerarsa ce ke rawa, ga shi abin da yake ginawa ba ya son gaggawa.

Kada kuma mu manta da wanda ke biyan farashin da jikinsa. Ɗaukar kilo 140 shekara da shekaru yana cin gwiwa da baya, likitoci kuma suna gargaɗi kan ciwon zuciya da illar yawan karo da kai. Joe Thomas na Cleveland Browns ya tsaya a katanga aka saki ƙwallo sau 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, amma yana yin ritaya ya zabge sama da kilo 20, don dama dole ce ta sa yake ɗura wa kansa abinci. Kuma mafi yawan yaran nan ba za su taɓa shiga NFL ba. Digirin da suka fita da shi, shi ne abin da zai rage musu.

Don haka in kun sake cin karo da wasan, ku ɗan ɗauke ido daga kan ƙwallo na daƙiƙa uku, ku kalli waɗancan biyar ɗin. Sannan ku faɗa mana a ƙasa: da ku ne koci, za ku raini naku shekara uku kuna sane za a iya ƙwace shi, ko za ku shiga kasuwa ku sayo ginanne? Muna jiran ra'ayoyinku.