YARA MAKAFI DA KURAME A FAGGE: TUN RAN GINI RAN ZANE

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da hantsi zai ga ƙananan yara suna jagorar iyayensu makafi wajen bara. A bayan gidajen Fagge kuwa akwai waɗansu yaran da ba a gani, wato waɗanda aka haifa da makanta ko kurumta. Sa'o'insu suna shiga aji tun suna shekara huɗu, su kuwa suna zaune a tsakar gida, har lokacin da ya fi dacewa da koyo ya wuce su.

Abin takaici shi ne kayan da za su taimake su ba sababbi ba ne. Tun 1829 wani makaho ɗan ƙasar Faransa, Louis Braille, ya wallafa tsarin rubutun da ake karantawa da yatsa, mai ɗigo 6 kacal, wanda daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. A 1951 aka fito da keken rubutu na Perkins a Amurka. A nan gida, an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, Kano kuma tana da makarantar Tudun Maliki ta makafi da kurame. Asibitin ido na ECWA yana Sabon Gari tun 1943.

To, yaya ake fara wa ɗan shekara huɗu? Ba da keken rubutu ake farawa ba, yatsa ake fara horarwa. Malama za ta ba yaro wake da masara ya rarrabe, sa'an nan ta kawo mazubin ƙwai mai rami 6, ya riƙa sa duwatsu yana gane matsayin kowane ɗigo. Idan hannu ya faɗa, sai a miƙa masa allon rubutun makafi da tsinkensa. Kurma kuwa, na'urar ƙara ji tana amfanar wanda yake da sauran ji, amma tilas a haɗa masa da maganar hannu da hotuna, domin ya san sunan abu kafin ya ga baƙinsa. Wayar hannu ma a yau tana karanta rubutu da murya, sai dai saurare dabam, iya karatu dabam.

Ta fuskar doka ba a bar yaran nan a baya ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da yara kafin firamare, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Saboda haka ya kamata hukumar ilmi ta Ƙaramar Hukumar Fagge ta keɓe ko da aji ɗaya a makarantun firamarenta, ta sa kayan nan da malami wanda ya sami horo. Iyaye kuma su daina ɓoye 'ya'yansu, su kai su a duba idanu da kunnuwansu da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.