Ruwan Gulbi A Randa: Kwana Nawa Zai Yi?

Mu mutanen Birnin Kebbi da Argungu, Gulbin Rima ne gatanmu. Shi ke shayar da fadamun shinkafa, a cikinsa kuma ake su. Gidaje da yawa a ƙauyukan bakin gulbi daga nan suke ɗebo ruwan sha su zuba a randa. To, me ke faruwa da ruwan nan bayan an rufe shi?

Kwana biyu na fari alheri ne. Laka tana kwanciya a gindin randa, ta tafi da ƙwayoyin cuta masu yawa. Tsutsar da ke kawo tsargiya ma ba ta wuce sa'a 48 da rai idan ba ta shiga jikin mutum ba.

Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan gulbi yana ɗauke da abubuwan da suka narke a cikinsa, waɗanda ba su kwanciya: ruɓaɓɓen ganye, da kashin dabbobi, da takin zamani daga gonaki. Waɗannan su ne abincin ƙwayoyin cuta. Suna ci suna yaɗuwa, suna shanye iskar da ke cikin ruwan. In iskar ta ƙare, sai ruwa ya soma wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In kuwa rana tana dukansa, takin nan sai ya tsirar da gansakuka. Shi ya sa jan ruwan damina, wanda ya wanko gonaki da makiyaya, ya fi na rani saurin lalacewa. Ko maganin kulorin, laka takan cinye ƙarfinsa.

Ga abin da za mu yi. Mu tanadi randa uku. Ruwan yau ya shiga ta fari, gobe a tsiyaye shi zuwa ta biyu, jibi zuwa ta uku, a zubar da lakar. Dakakken ƙwallon zogale yana sa laka ta kwanta da wuri. Wanda za a sha, a tafasa shi sosai, a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. A rufe randa a inuwa, a wanke ta kowane mako, a rataye moɗa mai dogon hannu, kada yara su tsoma hannu.

Iyaye mata, ruwa yakan yi garau alhali cuta tana ciki. Gudawa ba ta yi wa jariri da wasa. Kuɗin itacen tafasa ruwa bai kai na asibiti ba.