Motocin jif na alfarma: Ana kushe su da muni, ana kuma rububin sayen su

A baje-kolin motoci na birnin Geneva a shekarar 2012, kamfanin Bentley na Ingila ya yaye lulluɓin samfurin wata ƙatuwar jif mai suna EXP 9 F. Maimakon tafi, sai masu sharhi kan motoci suka yi mata caa, musamman kan manyan fitilunta masu kama da an zare ido. Dole kamfanin ya koma ya sake zane, kafin ya fitar da Bentayga a 2015.

Har yau ba a daina wannan muhawara ba. Masu suka na cewa kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera motoci masu kwanciya a ƙasa sun ɗauki tsohuwar fuskarsu sun liƙa wa doguwar akwati. Lokacin da Rolls-Royce ya fito da Cullinan a 2018, wasu sun kamanta ta da baƙar tasi ta birnin Landan, duk da cewa farashinta ya haura dala 300,000, kuma sunan lu'ulu'un nan mafi girma da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 aka raɗa mata.

Sukar ba ta rasa tushe. Motar da ta zarce mita biyar a tsawo, ta haura tan biyu da rabi a nauyi, da wuya mai zane ya sa ta zama siririya, komai gwanintarsa. Akwai kuma wani abin da ke ci wa masu ra'ayin riƙau tuwo a ƙwarya: Bentayga da Lamborghini Urus da Porsche Cayenne duk a kan ginshiƙi iri ɗaya aka ɗora su da Audi Q7 da Volkswagen Touareg, domin dukkansu 'ya'yan gida ɗaya ne. Tambayarsu ita ce, mota ake biya wa wannan kuɗi ko tambari?

Sai dai masu sayen ba su cika bi ta kan wannan ba. Abin da suke so shi ne kujera mai tudu, da wurin iyali da kaya, da motar da ba za ta goga ciki a kan tudun rage gudu ko rami ba. Duk wanda ya san titunan Legas ko Kano da damina ya fahimci wannan hujja. Ga kuma kwarjini, wanda ba kowa ke faɗa da baki ba.

Alƙaluma na bayan masu saye. Lamborghini ya sayar da motoci 3,815 a 2017, shekarar da ya gabatar da Urus. A 2023 ya haura 10,000 a karon farko, kuma fiye da rabinsu Urus ne.

Ferrari kuwa ya daɗe yana turjiya. Tsohon shugabansa, marigayi Sergio Marchionne, ya taɓa cewa sai dai a harbe shi kafin kamfanin ya ƙera jif. A 2022 Purosangue ta fito da ƙofofi huɗu da injin silinda 12. Kamfanin ya ƙi yarda a kira ta jif, ya kuma ce ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na motocin da yake ƙerawa a shekara ba.