GIDAN SISTOCI DA YA ZAMA KWALEJIN SARAUNIYA AMINA

A unguwar Kakuri da ke Kaduna akwai wata tsohuwar makarantar 'yan mata mai suna Queen Amina College. Wanda ya ji sunan zai ɗauka tun farko haka aka raɗa mata, don tunawa da Sarauniya Amina ta Zazzau. To ba haka ba ne. Sunanta na farko Queen of Apostles College, kuma sistocin cocin Katolika ne suka buɗe ta a 1940.

Su wane ne sistoci? Mata ne Kiristoci da suke ɗaukar alkawari uku: ba za su yi aure ba, ba za su tara dukiyar kansu ba, kuma za su yi biyayya ga shugabarsu. Suna zama tare a gida ɗaya, shi ake ce wa gidan sistoci. Waɗansu ba sa fita ko ƙofar gida, ibada kawai suke yi. Waɗansu kuma suna fita su koyar ko su duba marasa lafiya. Na Kakuri irin na biyun ne. Ƙungiyarsu, wadda ake taƙaita sunanta da OLA, an kafa ta a birnin Liyon na ƙasar Faransa a 1876. Nan kusa da mu ma, wata ƙungiyar mai suna St. Louis ta zo Kano daga ƙasar Ayilan a 1948, kuma makarantarsu tana nan har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin ginin. A Turai, tsohon gidan sistoci ba ya kallon titi, ciki yake kallo. Akan bar fili mai kusurwa huɗu a tsakiya, da rijiya ko ɗan lambu. Sai a kewaye filin da baranda mai ginshiƙai, yadda mutum zai zagaya gidan duka ruwan sama bai taɓa shi ba. Gefe ɗaya ɗakin ibada, wani gefen ɗakin cin abinci, sannan wurin kwana. Kusa da ƙofar shiga akwai ɗakin baƙi, kuma nan ne iyakar baƙo.

Ku tsaya ku duba, wannan bai yi kama da gidajenmu na Gwiwa ko Roni ba? Mu ma muna da katanga, da tsakar gida, da ɗakuna masu kallon juna, da zaure inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, amma da suka so sirri da natsuwa, sai dabararsu ta zo ɗaya. A ganina shi ya sa irin wannan gini bai sha wahalar zama makarantar kwana ta 'yan mata ba. Ƙofa ɗaya ce, akwai ƙararrawa, kuma kowane aiki da lokacinsa.

Bambancin yana wajen rana. A ƙasashen sanyi sukan sa filin a kudancin coci don ya sha hantsi. A nan kuwa inuwa ake nema. Don haka gine-ginen 'yan mishan na wancan zamani sukan zama dogaye, da bango mai kauri, da silin mai tsawo, da faffaɗar baranda. Bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, kamar ɗakin soro. Iska mai zafi sama take tashi, to idan silin ya yi nisa ba za ta zauna a kan ɗalibai ba. Tagogi kuma ana sa su daura da juna, iska ta shiga nan ta fita can. Baranda tana tare rana kafin ta daki bango. Duk wanda ya taɓa zama ajin kwano marar silin a watan Afrilu, da ƙarfe ɗaya na rana, ya san ba ƙaramin abu nake faɗa ba. Ko malam ma sai ya riƙa fifita da littafi.

A 1972, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin Gwamna Abba Kyari, ta karɓi makarantun mishan ta sauya musu suna. Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, St. Paul's ta Wusasa kuma ta zama Kufena College. Masu goyon baya sun ce ta haka ɗan kowa zai shiga ba tare da iyayensa sun ji tsoron a sauya masa addini ba. Masu adawa sun ce kula da gini da tarbiyya sun ja baya. Gardamar ba ta ƙare ba, don Legas ta mayar da wasu makarantun ga masu su a 2001, Anambra ma ta yi haka a 2011.

Wanda Allah ya kai shi Kaduna ko Zariya hutun nan, ya leƙa ɗaya daga cikin makarantun. Ya auna kaurin bango da tafin hannunsa, ya ƙirga tagogin aji ɗaya, ya kawo mana mu manna a allon nan.